HALI KAFIN RAWANI: DARASI DAGA BIRNIN SIN ZUWA GOMBE

Idan Bahaushe yana son ya kwatanta wuri mai nisan gaske, sai ya ce birnin Sin, watau inda tafiya ta ƙare ke nan. Yau dai nisan ya ragu, domin babu kasuwar da mutum zai shiga a Gombe, tun daga babbar kasuwa har zuwa 'yan tebur na Pantami da Jekadafari, bai ga hajar ƙasar Sin ba: wayar hannu, babur, injin ban ruwa, fitila mai aiki da hasken rana, har da atamfa. Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci tun ran 10 ga Fabrairu, 1971, gidan rediyon Sin kuwa ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963. Amma akwai wata haja tasu da ta girmi duk waɗannan, wadda mu a nan ba mu cika taya ta ba. Ita ce tunanin da masanansu na da can suka yi a kan tambaya guda: wane irin mutum ne ya cancanci a damƙa masa ragamar jama'a, kuma mene ne ke riƙe mulki har ya daɗe? A kan wannan nake so mu zanta a makon nan, domin tambayar tamu ce, kuma muna da namu magabatan da suka amsa ta.

Babban malamin Sinawa a wannan fage shi ne Kongzi, wanda duniya ta fi sani da Konfushiyas. An haife shi a shekara ta 551 kafin Miladiyya a wata ƙaramar masarauta mai suna Lu, cikin lardin Shandong na yanzu, ya rasu a shekara ta 479. Ya tashi maraya, ya yi ƙananan ayyuka irin su lura da rumbunan hatsi da dabbobi, har daga baya ya kai ga riƙe babban muƙami mai kula da shari'a. A zamaninsa ƙasar Sin ta rarrabu, sarakuna na yaƙar juna, hakimai sun fi sarkinsu ƙarfi, talaka kuwa shi ke biyan haraji, shi ke zuwa fagen fama. An ce wata masarauta maƙwabciya ta aiko wa sarkin Lu kyautar dawaki da 'yan mata masu rawa, sarki ya shagala har kwana uku bai fito fada ba. Konfushiyas ya ajiye aiki wajen shekara ta 497, ya shiga yawon ƙasashe tare da almajiransa, yana neman sarkin da zai karɓi shawararsa. Ya yi shekara goma sha uku ko fiye yana wannan yawo bai samu ba, ya komo gida ya ƙarasa rayuwarsa yana karantarwa. Bai ce shi annabi ne ba, mu ma ba mu ɗauke shi haka ba. Malami ne mai hangen nesa, almajiransa suka tattara zantukansa a littafin da ake kira Lunyu.

MUTUMIN KIRKI

Ginshiƙin koyarwarsa kalma ce guda, junzi. Asalin ma'anarta shi ne ɗan sarki, watau wanda ya gaji girma. Konfushiyas ya juya ma'anar, ya mai da ita suna na mutumin da ya tarbiyyantar da kansa har ya cancanci girma, ko da kuwa ɗan manomi ne. Idan aka nemi fassararta a Hausa ba sai an wahala ba: mutumin kirki ke nan. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, ya buga wata lacca a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, inda ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya san littafin Lunyu, in ya ga wannan jeri, zai ga kamar an ɗauko shi daga can ne, domin tausayin ɗan Adam, da adalci, da ladabi, da hikima, da cika alkawari su ne abubuwa biyar da mabiyan Konfushiyas suka ɗora ɗabi'a a kansu.

Abin da ya bambanta Konfushiyas da mai wa'azin ɗabi'a kawai shi ne ya ɗauki halin shugaba a matsayin kayan aikin mulki. Abubuwa uku daga cikin koyarwarsa sun ishe mu misali.

Na farko, jama'a na kwaikwayon abin da shugaba ke yi fiye da abin da yake faɗa. Wani babban hakimin Lu ya taɓa kawo masa kukan yawan ɓarayi, har yana tunanin ya riƙa kashe miyagu domin sauran su shiga taitayinsu. Malamin ya nuna masa cewa kwaɗayinsa shi ne ya koya wa talakawa sata, ya kuma kwatanta masa manya da iska, talakawa da ciyawa, inda iska ta kaɗa nan ciyawa ke kwantawa. Bahaushe ya riga ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutanen Gombe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Sun ga zamanin da 'yan Kalare suka addabi unguwanni, musamman bayan zaɓen 2003, har ƙungiyar Human Rights Watch ta keɓe musu wuri a rahotonta na 2007. Waɗannan samari ba daga sama suka faɗo ba. Wasu manya ne suka tara su, suka ba su kuɗi da abin maye, suka nuna musu cewa gora da adda sun fi ƙuri'a daraja. Da aka gama zaɓe aka watsar da su, sai suka juya kan mai shago da mai babur da ɗalibar da ke komowa daga makaranta. Ciyawa ce ta kwanta inda iska ta kaɗa ta.

Na biyu, a kira kowane abu da sunansa na gaskiya. Da aka tambaye shi abin da zai fara yi in an ba shi mulki, sai ya ce gyaran sunaye, har almajirinsa ya ga kamar ya kauce wa tambaya. Manufarsa ita ce, idan suna ya rabu da abin da yake nufi, magana ta lalace, in magana ta lalace kuwa aiki ba ya tafiya, hukunci kuma ba ya faɗawa inda ya dace. Mai karatu, duba yadda muke yi. Cin hanci mun sa masa suna goro, ko alheri, ko ihsani. Wanda ya wawure dukiyar jama'a muna cewa Allah ne Ya buɗa masa. Wanda ya riƙe amana ya sauka ba shi da gidan kansa muna cewa bai iya ba, har 'yan uwansa na zaginsa. Muddin ɓarawo na amsa sunan mai arziki, yaro ba zai ga dalilin da zai hana shi bin sawunsa ba.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, amincewar jama'a. Almajirinsa Zigong ya tambaye shi abin da gwamnati ke bukata, ya lissafa masa abinci da makamai da amincewar talakawa. Da almajirin ya matsa masa a kan wanda za a fara bari in ya zama dole, ya zaɓi makamai, sa'an nan abinci, ya bar amincewa ita kaɗai, bisa hujjar cewa ƙasar da mutanenta suka daina yarda da maganar shugabanninsu ta riga ta faɗi. Amincewa kuwa ba da jawabi ake samun ta ba, da cika alkawari ne. Madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola an gina ta tun a shekarun 1980 domin noman rani da ruwan sha da wutar lantarki, amma sai da aka shafe shekaru fiye da talatin kafin injinan lantarkinta su fara aiki. Yaron da aka haifa lokacin da aka yi wa ubansa wannan alkawari ya yi aure ya haihu kafin a cika. Irin wannan ne ke sa idan hukuma ta ce a kawo yara rigakafi, ko a biya haraji, ko a tashi daga bakin kwari saboda zaizayar ƙasa, talaka ya tsaya yana neman inda makircin yake.

Bayan Konfushiyas da fiye da shekara ɗari aka yi Mengzi, wanda ake kira Mensiyas. Shi ya ƙara da cewa talakawa su ne gaba a daraja, sarki shi ne ƙarshe, kuma sarkin da ya zama azzalumi ya zubar da haƙƙinsa na sarauta. Ya taɓa fuskantar sarkin Liang, ya nuna masa cewa ɗakin girkinsa cike yake da nama, dawakinsa sun yi ƙiba, alhali gawawwakin mayunwata na yashe a bayan gari, kuma kashe mutum da mugun mulki daidai yake da kashe shi da kulki. Har wa yau ya lura cewa talakan da ba shi da tabbatacciyar sana'a da wuya ya riƙe tabbataccen hali, saboda haka gyaran ɗabi'ar jama'a daga gona da rumbu yake farawa.

TUTA DA ALƘALAMI

To, duk wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gombe. Masarautar Gombe ta samo asali ne daga tutar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba almajirinsa Bubayero a farkon jihadin 1804. Ya kafa hedkwatarsa a Gombe Abba, cikin ƙaramar hukumar Dukku ta yanzu, ya rasu a 1841, hubbarensa na can. Daga baya, a zamanin Turawa, aka mai da hedkwatar Nafada a 1913, sa'an nan Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau. Abin lura shi ne laƙabin da ake tuna shi da shi, Modibbo, watau malami. Haka ma Modibbo Adama a Adamawa, da Malam Yakubu a Bauci, da Malam Musa a Zazzau, da Malam Sulaimanu a Kano. Sharaɗin farko na karɓar tuta shi ne ilmi da hali.

Shugabannin jihadin ba su bar masu tuta haka nan ba, sun rubuta musu yadda za su yi mulki. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu ya jero miyagun al'adun gwamnatocin da ya tarar, har da haraje-harajen zalunci, da ƙwace a kasuwa, da ba alƙali toshiya, da abin da ake kai wa mai mulki ana ce masa gaisuwa. Ya ambaci waɗannan abubuwa da sunayensu na Hausa a cikin rubutun Larabci, don kada wani ya ɓuya a bayan suna mai daɗi. Gyaran sunaye ke nan. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Umaru Dallaji, inda ya gargaɗi shugaba ya zaɓi ma'aikata nagari ya kuma sa musu ido, ya ja malamai a jika, ya guji ba da muƙami ga mai kwaɗayinsa, ya kuma raya manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Tun kafin su, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha, yana ta nanata masa cewa ɓuyan shugaba daga talakawansa shi ne tushen musiba.

Akwai ma wanda labarinsa ya yi kama da na Konfushiyas. Wajen shekarar 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun karkata ga neman muƙami da dukiya da dawaki da tufafin ƙawa. Ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, daga baya ya koma gida. Mutum biyu, tsakaninsu shekara dubu biyu da ɗari uku, ba su san harshen juna ba, amma abu guda ya kore su daga fada, kuma abu guda suka bari a baya, watau almajirai da littafi.

DOKA KAƊAI BA TA ISA BA

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen malamai ne, mutanen yau sai da bulala. Sinawa ma sun yi wannan gardama. Wani ɓangare na masanansu, irin su Shang Yang da Han Fei, sun ce mutumin kirki ɗaya ne cikin dubu, saboda haka wauta ce a jingina ƙasa da halin mutum. A wurinsu linzami biyu ne ke tafiyar da jama'a, lada da azaba. Ba a rasa gaskiya a maganarsu ba. An ce Shang Yang ya kafa wani gungume a ƙofar kasuwa, ya yi shelar zinariya goma ga duk wanda ya kai shi ɗaya ƙofar. Ba wanda ya yarda. Ya ƙara zuwa hamsin, wani ya ɗauka, aka biya shi nan take, daga ranar mutane suka san maganar hukuma ba wasa ba ce. Da irin wannan tsari masarautar Chin ta yi ƙarfi har ta haɗa ƙasar Sin wuri guda a shekara ta 221 kafin Miladiyya.

Amma dubi ƙarshen al'amarin. Shi kansa Shang Yang, da ya faɗi daga mulki yana gudun tsira, an ce mai masauki ya hana shi ɗaki saboda dokar da shi ya kafa ta hana saukar da baƙo marar takarda, aka kama shi aka kashe. Daular Chin ta ƙone littattafan malamai a shekara ta 213, ta tsananta hukunci. A shekara ta 209 ruwan sama ya tsare wasu mutum wajen ɗari tara da aka tilasta wa aikin tsaron iyaka. Da suka ga hukuncin makara kisa ne, hukuncin tawaye ma kisa ne, sai suka zaɓi tawaye. Daular da aka yi tsammanin za ta yi zamani dubu goma ba ta wuce shekara goma sha biyar ba. Daular Han da ta gaje ta ta riƙe dokokin, amma ta ɗora koyarwar Konfushiyas a kansu, bayan wani malami ya tuna wa sarkinta na farko cewa ƙasar da aka ci a kan doki ba a mulkin ta a kan doki. Ta yi shekara wajen ɗari huɗu.

Mu ma mun gwada bulala. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma. A watan Maris na 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, mutane suka koyi bin layi, da aka sauya gwamnati a watan Agusta na 1985 layin ya fara wargajewa. An kafa hukumar ICPC a 2000, EFCC kuma a 2003. Ba wanda zai ce waɗannan ba su da amfani, domin ƙasa ba ta zama ba doka. Sai dai Konfushiyas ya riga ya hango cewa wanda aka bi da tsoron hukunci kaɗai zai koyi dabarar kauce wa hukuncin ne, kunya kuwa ba zai koya ba. Kuma doka ba ta da hannu, mutum ne ke riƙe ta. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, wa zai ta da sauran?

Sinawa ba su tsaya ga fatan samun mutanen kirki ba, sun yi ƙoƙarin gina hanyar samo su. Tun wajen shekara ta 605 Miladiyya suka fara ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa, har aka kai ga sake kwafe amsoshi da ɓoye sunan mai amsa don kada mai dubawa ya gane ɗan wane ne. Tsarin ya ɗore har 1905. Suka kuma keɓe ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne gaya wa sarki kuskurensa. Sarki Taizong na daular Tang yana da irin wannan bafade, Wei Zheng, wanda da ya rasu a shekara ta 643 sarkin ya yi kukan ya rasa madubinsa. A daular Ming wani ma'aikaci mai suna Hai Rui sai da ya sayi akwatin gawarsa kafin ya miƙa wa sarki takardar suka. Tsarin bai rasa aibu ba: ya rufe wa mata ƙofa, ya koma hadda marar fahimta, an yi satar amsa, an kuma sayar da muƙamai. Sinawan da kansu sun yi wa Konfushiyas bore a lokacin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976, har aka lalata wuraren tarihi a garinsu, daga baya suka dawo suna sa sunansa a cibiyoyin koyar da harshensu, irin waɗanda ke jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jihar Gombe an ƙirƙiro ta ne ran 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 11, ta haɗa Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolewa da Tula da Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista. Jama'a irin wannan ba abin da ke ɗaure su tsintsiya guda sai yarda da cewa wanda ke sama zai yi adalci. A ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne mai kyau, amma ko kuɗin zai zama rijiya da asibiti da aji a Nafada da Balanga da Shongom, ko kuwa zai zama gidan bene a Abuja, wannan ya danganta ga halin wanda aka ba makullin.

Saboda haka idan lokacin zaɓe ya zo, kada mu tsaya ga tambayar ɗan wane ne, ko nawa ya kawo, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mu tambayi amanar da aka taɓa ba shi, ko ta kuɗin ƙungiya ce, ko ta gadon marayu, yaya ya yi da ita. Mu dubi waɗanda ke kewaye da shi, akwai mai iya ce masa a'a, ko kuwa duk 'yan amshin Shata ne. Mu duba ko talaka na iya ganinsa ba sai da ɗan rakiya ba. Wannan ma'auni bai tsaya ga gwamna da ɗan majalisa ba, ya hau kan mai unguwa da hedimasta da shugaban 'yan kasuwar Tudun Hatsi, wanda in ya kau da kai ga mudun algus, gobe kasuwar duka za ta koma haka.

Iyaye da malamai kuma su tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da uba ya saya wa amsar jarrabawa yau, shi ne zai sa hannu a takardar kwangila nan da shekara ashirin. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere masu nazarin mulki su karanta Usulus Siyasa da Diya'ul Hukkam kamar yadda suke karanta littattafan Turawa, su kuma leƙa na Sinawa su gwada. Za su tarar mutanen Lu da mutanen Gombe Abba sun haɗu a kan cewa rawani ba ya gyara kan da bai gyaru ba.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya sa mu ma mu cancance su. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.